Kano zuwa Jidda ta Addis: inda ejan ɗinmu ya burge ni da inda ya kwafsa

Tunda muka dawo daga Umara ni da Hajiyarmu mutane ke ta tambayata a WhatsApp wane ejan ne ya yi mana, ya aikinsa yake, za a iya tura masa kuɗi a kwanta a yi barci ko kuwa. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan kamfanin dai ba zan kama ba, don akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan ɗan taɓa su, kuma bawan Allahn nan halalinsa yake nema. Ofishin tafiye-tafiye ne a cikin Kano, irin waɗannan na saman bene masu allo da hoton Ka'aba da jirgi a ƙofa, wani abokina ɗan kasuwar Kwari ne ya haɗa mu da shi.

Gaskiya ranar farko na ji daɗin yadda suka karɓe ni. Ba irin wuraren nan da za a bar ka a tsaye yaro yana danna waya ba. Ya zaunar da ni, ya karɓi fasfo ɗinmu biyu ya duba kwanan watan ƙarewa da kansa, ya ce na Hajiya saura wata bakwai ya mutu, ya wuce wata shidan da ake buƙata amma da kun dawo a je a sabunta. Ya tambayi katin rigakafi, na shawara da na sanƙarau. Da na tura kuɗi kafin alat ya gama shiga an riga an rubuto min rasit mai hatimi, an rarrabe na biza daban na otal daban na tikiti daban. Wannan kaɗai ya kwantar min da hankali, don na san mutanen da suka biya dunƙule ba takarda har yau suna zarya.

To a wajen tikiti ne labarin yake. Ya juyo min da allon kwamfuta ya ce Alhaji (ban taɓa zuwa ba fa, amma ka san ejan kowa Alhaji ne a wajensa) ga hanya biyu. Akwai na kai tsaye Kano zuwa Jidda, akwai kuma mai yada zango a Addis Ababa, na Addis ɗin ya fi sauƙi da wajen naira dubu ɗari biyu a kan mutum ɗaya. Na ce to lokacin fa? Ya ce "ranka ya daɗe ai kusan duk ɗaya ne, wancan awa biyar wannan awa bakwai, awa biyu ne kawai a tsakani." Ni kuma na buga lissafi a raina, mu biyu dubu ɗari huɗu kenan, kuɗin dabino da zannuwan tsaraba sun fito, awa biyu kuma meye a ciki. Na ce a yanka na Addis.

Bai yi ƙarya ba, wannan sai na faɗa don Allah. Awa huɗu da rabi daga Kano zuwa Addis, wajen biyu da rabi daga Addis zuwa Jidda, in ka haɗa bakwai ɗin ce. Sai dai awannin da jirgi ke sama kawai ya ƙirga min. Zaman jira a tsakiya bai sa shi a lissafi ba, ni ma kuma ban tambaya ba, takardar tikitin tana hannuna ban tsaya na karanta ta da kyau ba.

Ranar tafiya mun bar gida tara da rabi na safe don an ce a iso awa uku kafin tashi. Filin jirgin Malam Aminu Kano kun san shi, shi ne mafi tsufa a ƙasar nan, tun 1936 yake aiki, kuma tun kafin nan ma a 1925 jiragen sojan Ingila da suka taso daga Masar sun sauka a Kano. An yi awon kaya, an yi sikirinin, jami'an shige da fice sun buga mana hatimi, yaron ejan ɗin yana nan tare da mu har muka shige, wannan ma na yaba. Jirgi ya ɗaga wajen ɗaya da rabi.

A cikin jirgin ne idona ya buɗe. Akwai ɗan allon nan na bayan kujera mai nuna taswira, ina zaune ba abin yi sai na shiga latsa shi. Na ga Jidda can sama ta hannun hagu, mu kuma hancin jirginmu ya nufi gabas yana ɗan karkata ƙasa. Ashe Addis ta fi Kano ma yin kudu. Kano tana kan digiri 12 arewa, Addis tana kan 9, Jidda kuwa ta kusa 22. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, Addis da Jidda kusan a kan layi ɗaya suke, ɗaya a ƙasan ɗaya. Wato sai mun je gabas har ƙarshe tukuna sannan mu yi kwana mu miƙe arewa, kamar mai zagaya katangar makaranta alhali ga ƙofa a buɗe.

Da muka dawo gida na zauna na duba lambobin a wani shafi da ake kira Great Circle Mapper, kyauta ne, kawai ka rubuta KAN-JED ya zana maka layi ya ba ka nisa. Kano zuwa Jidda a miƙe kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Kano zuwa Addis wajen 3,300. Ku sake karanta wannan. Lokacin da tayar jirginmu ta taɓa ƙasa a Habasha mun riga mun ci kusan duk nisan da zai kai mu Jidda, saura ƙiris, amma ga mu a wata ƙasa daban da sauran kilomita 1,400 a gabanmu. Jimla 4,700 da ɗoriya. Ƙarin da muka yi kaɗai ya fi tafiyar mota daga Kano zuwa Legas. Wanda zai duba ya lura, shafin da mil yake fara nunawa, sai ka canza zuwa kilomita, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kar ka ga dubu biyu da ɗari ɗaya ka ce ashe kusa ne.

Wani abu da ya ba ni mamaki a sama, ƙarfe biyar a agogon hannuna sai na ga rana ta faɗi, gari ya yi ja sannan duhu. Hajiya ta ce kai agogon nan naka lafiya yake kuwa? Ashe tunda gabas muke gudu dare ne ke taryen mu. Habasha da Saudiyya duk suna gabanmu da awa biyu. Kuma wannan shi ne abin da ke rikita mutane a takardar tikiti, don kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin ya shafa ne, na tashi agogon Kano, na sauka agogon can. In ka ga jirgi zai tashi Kano goma na dare ya sauka Jidda biyar na asuba, ba awa bakwai ba ne, biyar ne. A dawowa kuma sai ka ƙara biyu. Ejan ɗin da ya san aikinsa minti ɗaya ya ishe shi ya bayyana wa mutum wannan.

Mun sauka Addis wajen takwas na dare agogonsu. Na ɗauko bodin fas na biyu na duba, jirgin Jidda sai bayan sha biyun dare. Awa huɗu da wani abu a zaune. Ni dai ba komai, amma Hajiya ta haura saba'in kuma gwiwa ta daɗe tana damunta, filin jirgin Addis ɗin kuwa, wato Bole, ba ƙarami ba ne, ga dogon baranda ga sake cire takalmi da bel a wajen bincike ga jama'a kamar an buɗe kasuwa, don a daren nan ne jirage daga ko'ina a Afirka ke haɗuwa. Na ga ana tura wasu tsofaffi a keke, na tambayi wata ma'aikaciya, ta duba takardarmu ta ce ba a nema mana ba tun wajen yankan tikiti. Ashe abu ne da ejan zai danna a kwamfuta kawai, kuma ba a biyan ko sisi. Ni da bakina na gaya masa Hajiya ba ta iya doguwar tafiyar ƙasa, har ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ma'aikatan dai sun kyauta, bayan ɗan jira aka kawo keken, wani saurayi ya tura ta har bakin get yana ta ce mata mama mama.

Sai maganar harami, wadda har yanzu in na tuna sai in ji kunya. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye dole ya ɗaura harami kafin jirgi ya gifta mikati, mu da muka taho ta kudu Yalamlam ne namu. Ni kuwa haramina yana cikin babbar jaka, jakar kuma tun Kano aka yi mata tambarin Jidda, ba zan sake ganinta ba sai can. A raina wai sai mun sauka in yi wanka in shirya a tsanake. Hajiya ma ba ta tuna ba, don lokacin da ta yi aikin Hajji ta hannun hukumar alhazai Madina aka fara kai su, a Bi'ir Ali mazan suka ɗaura nasu, su mata kuma da ma kayansu ne haraminsu. Ina fitowa daga ɗakin salla bayan mun haɗa Magariba da Isha sai na ga maza sun fara fitowa fari fat, gabana ya faɗi. Allah ya haɗa ni da wani dattijo ɗan Maraɗi da muka taso tare daga Kano, ya ga ina ta zarya ya ce samari lafiya? Na gaya masa. Ya yi dariya ya zuge jakarsa ya ciro wani sabo a leda, ya ce kullum biyu yake riƙewa saboda irinku. Na yi na yi ya karɓi kuɗi ya ƙi, ya ce in sa shi a addu'a a wajen ɗawafi. Rabin laifin nan nawa ne, na yarda, ya kamata in je wajen malami in yi bita sosai. Amma mutumin da sana'arsa kenan, yana tura mutane Umara kowane mako, ya san karo na farko ne, layi ɗaya a WhatsApp cewa a sa harami a jakar hannu ai ba zai gagare shi ba.

Kuma sanyi! Ba wanda ya ce min Addis a kan dutse take. Tsayinta ya haura mita 2,300 daga teku, Kano ko 500 ba ta kai ba. Ka ɗauki mutumin Kano ka tuɓe shi ka ba shi tawul biyu ka zaunar da shi a can tsakar dare, haƙorana har haɗuwa suke. Hajiya na lulluɓe da mayafi biyu tana kallona tana murmushi. Na fara mita ina cewa da na sani, da na biya kuɗin nan, sai ta ce "Auta ka yi wa Allah godiya. Kakana a ƙasa ya je." Ta shiga ba ni labarin da na sha ji tun ina yaro amma ban taɓa sauraro da kyau ba sai ranar, yadda suka bi ta Borno suka shiga Chadi suka ratsa Darfur, guzuri ya ƙare suka tsaya aikin gonar auduga a Sudan har suka tara na jirgin ruwa, sannan suka tsallaka Bahar Maliya ta Sawakin. Shekaru ya yi, har an fidda rai. Da yawa ma ba su dawo ba, jikokinsu na can Sudan suna Hausa har gobe, irin mutanen Mai Wurno a bakin kogin Nilu waɗanda asalinsu jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne da suka ci gaba da hijira bayan yaƙin Burmi a 1903. Ta ce kai kuwa kana kujera ana kawo maka shinkafa da kaza kana ƙorafi. Na yi shiru, amma dai sanyin bai ragu ba.

Abin sha'awa hanyar da kakan nata ya bi kusan ita ce layin da jirgin kai tsaye ke bi, Chadi, Sudan, Bahar Maliya, Jidda. Kuma a nan ne zan yi wa ejan adalci. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma kauce mata, har a Hajjin shekarar kamfanonin jigilar alhazan Najeriya suka nemi ƙarin kuɗi saboda zagayen ya ƙara musu mai da lokaci. Wato shi ma na kai tsayen ba lallai ya zama awa huɗu da rabi zuwa biyar ɗin da aka sani a da ba, ya danganta da hanyar da aka ba jirgin. Amma ko da ya ƙara awa ɗaya ko biyu, zama ɗaya ne, hawa ɗaya sauka ɗaya, ba cire takalmi sau biyu, ba neman get, tsohuwa ta zauna ta yi barcinta sai a tashe ta a ce an iso.

Mun sauka Jidda wajen uku na dare. Layin ɗaukar hoton yatsu, jiran kaya, kafin mu fito huɗu ta wuce. Nan kuma ejan ya sake wanke kansa, direba na tsaye da sunanmu a kwali, mota mai kyau mai sanyi, bai nemi ƙarin ko riyal ɗaya ba. Akwai jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, tasharsa na cikin sabon ginin filin jirgin, amma da kaya da tsohuwa a wannan lokacin mota ta fi. Mun shiga Makka gari na shirin wayewa. Na duba agogona da ban canza ba, kusan huɗun asuba a Kano. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar otal awa goma sha takwas da ɗoriya. Awa bakwai ɗin da aka ce min kenan. Kuma ga ɗawafi ga sa'ayi na jiran mu, Safa da Marwa kaɗai sau bakwai wajen kilomita uku ne. Ƙafafun Hajiya sun kumbura sun yi suntum, dole muka bari ta kwanta har bayan La'asar, ni kuma ina zaune cikin haramin aro ina gyangyaɗi, sannan muka je aka tura ta a keke.

Otal kam ba abin cewa. Ya ce min ta titin Ibrahim Khalil ne, tafiyar minti goma zuwa harabar masallaci, kuma haka muka tarar, ba irin minti goman da sai ka hau bas ba. Ɗaki tsaf, lif na aiki, na Madina ma haka. Biza cikin kwana huɗu ta fito. Shi ya tuna min in sauke manhajar Nusuk in nemi lokacin shiga Rauda tun da wuri kafin a cike. Kuma yana ɗaga waya, wannan babban abu ne. Daga Makka na kira shi da zafina na zazzage masa maganar keke da harami da zaman Addis, bai yi musu ba bai kuma ce network ba, ya ce "wallahi Alhaji na yi kuskure, a ba Hajiya haƙuri." Kafin dare ya turo min sabuwar takarda an saka mana keke a dawowa. A Jidda da Addis da Kano duk mun tarar ana jiran ta da shi. Jakunkunanmu huɗu masu kilo 23 da jarkokin zamzam na lita biyar-biyar duk sun iso lafiya ba wanda ya yi batan dabo, wanda da ma shi ne babban tsorona da canjin jirgi.

Ba wai ina cewa yada zango ba shi da kyau ba ne. Saurayi mai jini a jika, ko ɗan kasuwa da ya saba hanya, dubu ɗari biyu kuɗi ne, ya bi ta Addis ya sha kofinsu mai kyau ya wuce. Akwai ma ta Alƙahira, Kano zuwa can wajen kilomita 3,100 sai 1,200 zuwa Jidda, jimla 4,300, ta fi ta Addis gajarta. Ta Doha kuwa sai ka wuce Saudiyya gaba ɗaya ta sama ka je gaɓar Tekun Fasha sannan a dawo da kai baya, wajen kilomita 6,000, kusan ninki biyu na miƙaƙƙiyar hanya. Duk ana bi, kuma wani lokacin mai nisan shi ne mai arha, don kuɗin tikiti ba da tsawon hanya ake yanka shi ba, da yawan masu nema ne da gasar kamfanoni. Amma in da tsoho ko mai ciki ko ƙananan yara a tafiyar, ni dai na ɗanɗana, dubu ɗari huɗun da na yi murnar ragewa kusan rabinta ta tafi a kuɗin masu tura keke a Harami da man zafi da maganin kumburi, ga kwana guda cur da muka yi asara a Makka wanda shi ba a saye da kuɗi.

In maki zan ba su, biza da otal da mota biyar cikin biyar ba ragi. Shawarar tikiti biyu, ita ma don ya amsa laifinsa ne. Masu tambaya ko zan sake komawa wajensa, eh zan koma, na ma riga na koma, don ƙanwar Hajiya ta ce ita ma sai an kai ta a watan Sha'aban. Wannan karon da ya juyo min da allon ya fara cewa akwai wani mai sauƙi ta, ban bari ya ƙarasa ba na miƙa masa biro na ce ya rubuta min a bayan rasit ƙarfe nawa za mu tashi Kano, ƙarfe nawa za mu sauka Jidda a agogon Kano, sau nawa Gwaggo za ta sauka daga jirgi, kuma ya danna keken nan ina kallo. Ya yi dariya ya ce Alhaji ka zama ɗan gari. Na kai tsaye muka yanka, harami kuma guda biyu na saya, ɗaya na riga na cusa shi a jakar hannu tun yanzu.